Jinya jika nawa ce?

A ƙarshen watan Agusta 2024 majalisar ministoci ta zauna a Yamai ta yanke cewa daga ranar 1 ga Satumba za a zabge rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati: ganin likita, kwanciya, awon jini, hoto, aikin tiyata. Haihuwa ta koma kyauta. Aka kuma soke jika 150 ɗin nan da mai ciwon ƙoda ke ajiyewa kafin a sa shi a layin wankin ƙoda. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban tagar biyan kuɗi da takarda a hannu yana lalube aljihu ba, ba zai san girman wannan labari ba. Mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yarda da shi a Nijar jika 42 ne a wata. Ke nan jika 150 gumin wata uku ne da rabi, ba ci ba sha. A fadar samarin unguwarmu an kwana biyu ana maganar a bakin shayi, har waɗanda ba su saba yabon gwamnati ba sun gyaɗa kai.

Mu ma a gida mun yi murna. Amma da Baba ya ɗauko kayen da yake rubuta abin da ake kashewa a kan Kaka, ya bi shi layi-layi da ɗan yatsa, sai aka ga abin da ragin ya taɓa bai wuce layi uku ko huɗu ba a kowane shafi. Sauran duk suna nan daram. A kan waɗannan sauran layukan nake son in yi magana, da kuma abin da bai ma samu shiga kayen ba.

Kakata, mahaifiyar Baba, ta faɗi a bazarar 2022. Hawan jini ne, wanda ta daɗe da shi ba ta sani ba, ya shanye mata ɓarin dama. Kafin nan shekara arba'in tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli, da shi ta aurar da ƴaƴa mata uku. Ta yi kwana goma sha biyu a asibiti, aka biya gado, aka biya hoto, aka biya awo. Ranar sallama likita ya ce abin da asibiti zai iya ya yi, saura na gida ne. Gaskiya ya faɗa. Kwana goma sha biyu na gwamnati, shekara uku da ɗoriya na gida, kuma ba a gama ba.

Ga abin da "saura" ke nufi, don na lura yawancinmu ba mu sani ba sai ya faɗo mana. Mutumin da ba ya iya juyawa da kansa, in aka bar shi a gefe ɗaya, fatar kwankwaso da ta duga-dugai sai ta mutu ta zama gyambo, gyambon da ke iya kashe shi tun kafin ciwon asali ya kashe shi. Don haka sai an juya shi bayan ƴan awoyi, dare da rana. Sai an tashe shi zaune kafin a ba shi kunu, a hankali, cokali-cokali, don kar ya shaƙe. Sai an miƙe masa hannu da ƙafa kullum don kar gaɓoɓin su ƙage. Sai wanka, sai tsarki, sai alwala ko taimama sau biyar, don Kaka bakinta ya karkace amma lissafin sallarta bai karkace ba. Sai wankin zannuwa. A Damagaram kuwa wanki ba ƙaramar magana ba ce. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda famfo ke yin shiru in zafi ya kama, ruwan Gogo-Machaya da na Ganaram bai kai ko'ina ba, a koma jiran ƴan ga-ruwa, kuɗin bido kuma ya hau. Gidan da ke da majinyaci a kwance ba ya iya cewa yau a haƙura da wanki.

Kush na manya a farmasi ake saye, ba shi cikin takardar farashin asibiti. Maganin hawan jini kowane wata ne, har ƙarshen rai. Lokacin da CEDEAO ta sa takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, kayan da muka saba samu ta hanyar Kano suka yi tsada, Baba ya yi ta yawo daga wannan farmasi zuwa waccan. An ce a riƙa kai ta wurin masu kine, masu motsa gaɓoɓi, sau biyu a mako. Ba a ɗora mai shanyewar jiki a kabu-kabu, sai an ɗauki shatar mota, sai kuma an sami maza biyu da za su ciccibe ta. Aka yi wata biyu ana zuwa, aka koma sau ɗaya, aka daina. Kuɗin kine yau an rage shi. Kuɗin isa wurin kine yana nan yadda yake.

To me ya sa takardar gwamnati ta tsaya inda ta tsaya? Sai an koma baya kaɗan. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da OMS da UNICEF, suka amince da cewa jama'a su riƙa biyan wani abu a ƙananan asibitoci don a samu kuɗin sake sayen magani, tunda baitulmali ya bushe. Nijar ta gwada tsarin a Boboye da Say a 1993, aka karya darajar sefa a Janairu 1994, a 1995 kuma aka yi dokar da ta shimfiɗa biyan a ƙasa baki ɗaya. Tsari ne na biyan aiki ɗaya-ɗaya: an duba ka, ka biya, an ɗebi jininka, ka biya, ka kwana, ka biya. Daga 2005 aka fara cire wasu daga ciki, tiyatar haihuwa tukuna, sannan a 2006 yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Wannan ya ceci rayuka, ba mai musu, ko da yake masu bincike na LASDEL a Yamai sun sha nuna yadda gwamnati ke jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu har kantocin magani su zama wayam. Abin lura shi ne duk gyaran da aka yi, daga 2005 har 2024, a cikin jerin nan aka yi shi. Ana rage layi, ana goge layi. Ba a taɓa ƙara layin da ya ce: tsohuwa a kwance a ɗaki, shekara uku.

Kuma na fahimci dalili. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, masu shekara 60 zuwa sama kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Mai ɗan kuɗi kaɗan a hannu dole ya fara da inda mutuwa ta fi yawa. Sai dai ƙasar da ta haura mutum miliyan 25, ko huɗu cikin ɗari aka ce, an kai miliyan guda na tsofaffi. Jihar Damagaram kuwa ita ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012. Tsarin mulkin 2010, wanda aka jingine a 2023, a aya ta 25 ya ce gwamnati za ta kula da tsofaffi ta hanyar kariyar jama'a, a 2018 ma an yi doka a kan kariyar. Ni dai a ɗakin Kaka ban ga ƙurar ko ɗaya ba.

Akwai ƙofofi biyu da aka bari a buɗe. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar da Faransanci ke kira prise en charge, a ɗauke masa kaso mafi tsoka na kuɗin asibiti, in ya tsufa kuma ga fansho daga CARENI, ko daga CNSS in kamfani ya yi wa aiki. Mai ƙuli-ƙuli ba ta da wannan. Ƙofa ta biyu ita ce takardar indigent, wadda ake nema a hukuma don a yafe wa wanda ba shi da komai. Wata maƙwabciya ta kawo shawarar a nemo wa Kaka. Baba ya tambaye ni, tunda ni ce mai karatun harshe, me kalmar ke nufi da Hausa. Na ce talaka. Ya ce ai kowa talaka ne, har wanda zai buga hatimin. Na ce marar galihu. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ƴaƴanta shida na raye, in je in sa a rubuta uwata ba ta da galihu?" Daga ranar ba a sake tayar da zancen ba. Kalma ɗaya ta rufe ƙofa, kuma ban ga laifinsa ba. Takardar tana tambaya ko kana da kowa. Ba ta tambaya ko waɗanda kake da su sun kusa durƙushewa.

Tunda an zo kan kalmomi, bari in ɗan daɗe a nan, don nan ne gonata. Ku duba "jinya". In na ce Kaka tana jinya, kowa ya san ita ce ba lafiya. In na ce ƙanwata tana jinyar Kaka, ita ce mai kula. Harafi ɗaya, r ɗin nan na ƙarshe, shi ya raba mai ciwo da mai ɗawainiya. "Majinyaci" ya fi haka rikici. A ƙa'ida, ma- a gaba da -i a baya mai yin aiki suke nunawa: manomi, maɗinki, marubuci. To majinyaci ya kamata ya zama mai jinyatar wani, kuma har yanzu tsofaffi da yawa haka suke nufi. Amma a rediyo da bakin ma'aikatan asibiti majinyaci shi ne wanda ke kan gado. Malaminmu zai ce ma'ana ce ta zame. Ni kuwa gani nake Hausa ta hango wani abu: a dogon ciwo mutum biyu ne ke kwanciya, ɗaya a gado, ɗaya a tabarma kusa da shi. Ku leƙa kowane babban asibiti da dare ku ga tabarmi a baranda da gindin itatuwa, da kuloli da butoci. Su ke kawo abinci, su ke zubar da fo, su ke gudu farmasi da ordonans. Faransancin asibiti ya ba su suna mai sauƙi, accompagnant, wai ɗan rakiya. Su tashi su tafi gaba ɗaya na kwana guda a ga ko rakiya ce.

Ta biyu ita ce "lada". Ladan ɗinki kuɗi ne, ladan niƙa kuɗi ne, a hannu ake ba ka. Ladan jinya kuwa sai a lahira. Duk wanda ya shigo gaida Kaka, in zai fita sai ya juya ya ce wa mai kula da ita: "Sannu, Allah ya ba da lada." Amin, kuma na yi imani zai bayar. Amma na lura ba wanda ke ce wa mai farmasi Allah ya ba da lada ya fice da magani.

Mai karɓar wannan addu'a a gidanmu ƴar ƙanen Baba ce. A gida Auta muke ce mata. Da Kaka ta dawo daga asibiti an yi taron dangi a zaure, maza suka raba kuɗi: wane zai ɗauki magani, wane kush, wanda ke Agadas zai riƙa aikowa duk wata, wanda ke Kano in ya samu. Duk an rubuta a kaye. Gwaggo ta zo daga Mirya ta yi wata huɗu, damina ta kira ta, mijinta ma ya kira. Innarmu tana da nata ciwon baya da yara ƙanana. Ni na ci bak a shekarar, ga burs yana tafe, kowa ya ce wannan ba a taɓa ta. Auta tana da shekara goma sha biyar, saura mata aji ɗaya ta shiga ajin BEPC, makinta ba na farko ba ne ba kuma na ƙarshe ba. Ba wanda ya ce ta bar lakwal. Abin da aka ce shi ne ta riƙa kwana a ɗakin Kaka. Wanda ya tashi sau uku da dare, ƙarfe takwas na safe a aji barci yake yi. Ta maimaita ajin, ta sake faɗuwa, shi ke nan. A takardar makaranta an rubuta rashin ƙoƙari.

Ni nakan karɓe ta da hutu da daren Asabar, shi ya sa na san nauyin Kaka a hannu, na san yadda ake cusa gwiwa a bakin katifa kafin a ja zane. Na kuma san ba baƙin ciki kaɗai ke cikin ɗakin ba. Kaka har yau "kishiya" take ce wa Auta, da bakinta da ya karkace, ta ce ta zo ne ta ƙwace mata miji, mijin da ya rasu tun Auta ba ta yi wayo ba. Auta ta ce: "Ke tsohuwa, sha kununki, mijin naki ma ba na so." Su yi ta dariya. Yarinyar ta iya abubuwan da ni da digirina ban iya ba, tana gane fitsarin da ya canja launi, tana gane numfashin da ba daidai ba tun kafin kowa ya farka. A wata ƙasa wannan sana'a ce mai takarda da albashi. A nan sunanta zaman gida. Wani lokaci in na ji ana lissafin jika nawa aka kashe a wata, sai in tuna a rubuce kalmar ɗaya ce da jikan da kaka ke goyo. Kaye ya san na farkon kawai.

Dattawa za su ce ai haka muka gada, da can ba gwamnati ke jinyar tsofaffi ba. Haka ne, amma a faɗi labarin duka. A manyan garuruwan ƙasar Hausa an san sarkin makafi da sarkin kutare da sarkin guragu, an san zakkar hatsi da sadakar Juma'a, wato gari ya yarda akwai nauyin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, ya yi masa tsari har da sarauta. Gidajen ma manya ne, matan tsakar gida goma na iya karɓa-karɓa. A gidajen masu hali kuwa, a Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun da bayansa, bayi da kuyangi ke ɗauke da aikin wahala, wannan ba a cika son tuna shi ba in ana yabon da. Kuma tsarin yana da bayan gida: Kara-Kara, unguwar da aka tura kutare da waɗanda gari ba ya son gani, wadda Aïcha Macky ta nuna jikokinta a fim ɗinta Zinder na 2021. Yau gidan ya tsuke, maza sun watsu Agadas da Libiya da Kano, ƴan mata suna lakwal, magani kuma yana riƙe mutum shekaru a kan ciwon da a da mako guda zai yi ya tafi. Nauyin ya ƙaru, kafaɗun sun ragu.

Kada a ɗauka ƙasashen masu kuɗi sun huta. A Ingila ganin likita kyauta ne, amma kula da tsoho, wanka da ciyarwa da juyawa, hukumar gari ce ke yi kuma sai ta auna dukiyarka. Wanda ya mallaki abin da ya haura fam 23,250, wajen sefa miliyan 18, shi zai biya duka, in kuma gidan kula da tsofaffi ya koma, sau da yawa har gidansa ake sa wa cikin lissafi. Gādo, mai dogon a, shi ke biyan gado. Shekaru suna rigima a kai ba su gama ba. Jamus ta kafa inshorar jinya a 1995, ana cirewa daga albashi, in iyali suka zaɓi su yi jinyar a gida a ba su kuɗi a hannu. Japan ta bi a 2000, kowa daga shekara 40 yana zubawa. Ba cewa nake mu kwafo ba, mu da yawancinmu ba mu da albashin da za a cira. Abin da ya tsaya mini shi ne su suna faɗa a kan wa zai biya, ke nan sun yarda akwai abin biya. Mu ba mu kai ga faɗan ba.

Na taɓa faɗin haka a aji, wani ɗan uwa ya ce so nake a gina gidan tsofaffi mu kai iyayenmu mu zubar kamar Turawa. Wallahi ko kyauta aka ce, Kaka ba za ta kwana a wani wuri ba sai ɗakinta, mu ma ba za mu bari ba. Abin da nake nema ya fi haka araha. Duk lokacin rigakafin shan inna masu ɗigo suna sallama a ƙofarmu, su tambayi yara ƴan ƙasa da biyar, su yi alama da alli a bango. Da damina masu maganin zazzaɓin yara ma haka. Ke nan hanyar shiga gida-gida tana nan, ma'aikatan unguwa suna nan, CSI tana nan. Suna wucewa ta gaban ɗakin Kaka su gaishe ta su fita. Da za a ce sau ɗaya a wata wani ya shigo ya auna mata jini, ya duba bayanta, ya nuna wa mai kula yadda ake ɗaga mutum ba tare da karya ƙugu ba, da an rage gyambo da yawa a garin nan. Da za a sa maganin hawan jini na tsofaffi cikin jerin kyauta, da wasu ba su ma faɗi ba, don ƙwayar ta fi shanyewar jiki araha nesa ba kusa ba. Da kuma darektan kwaleji zai sami layi a rajistarsa da zai rubuta "tana jinya" maimakon "ba ta ƙoƙari", da an san su nawa ne. Ku tambaya a ajinku wa ke da ƙanwa ko ƴar uwa da ta bar karatu saboda tsoho a kwance. Ni na tambaya a namu, hannuwa sun tashi, har da na shi mai maganar Turawan.

Bana na sa Auta ta yarda ta zauna BEPC daga gida, ba ta hannun makaranta ba. Na samo mata tsofaffin kayena, muna bitar lissafi da Faransanci a bakin gadon Kaka bayan isha'i, Kaka na tsoma baki tana cewa kishiya za ta zama likita ta yi mata allurar mutuwa. Kuɗin rajista daga burs ɗina zai fita, wannan an gama. Jarrabawar kwanaki ce a jere, safe da yamma, kuma tana iya faɗawa daidai da tawa. Na aika wa Gwaggo saƙo a Mirya ko za ta zo ta riƙe mana makon. Ta ce sai ta ga yadda shuka ta kama.